Tarko takwas ga kowane ma'aikaci: abin da ya faru a wani kamfani cikin wata 15

## Kamfanin da matsalarsa kafin 2019

Wannan labarin wani gwaji ne da masu bincike suka yi kan saƙon damfara ta imel a wani kamfani. Kamfanin babba ne. Ma'aikatansa sun haura 56,000, harkokinsa kuma sun haɗa da jigilar kaya, sufuri da hada-hadar kuɗi. Masu binciken da suka yi aiki da shi ba su faɗi sunansa a rahotonsu ba, a nan ma haka za a bar shi. Ta fuskar kwamfuta jama'ar cikinsa ba iri ɗaya ba ce: akwai wanda a gabanta yake wuni, akwai wanda manhaja ɗaya tak yake buɗewa ya yi ta maimaita aiki iri ɗaya har a tashi, akwai kuma wanda sai jefi-jefi yake leƙa imel ɗinsa. Ta fuskar shekaru ma haka abin yake, daga 'yan shekara 18 da ba su daɗe da kama aiki ba har dattawan da suka haura 60.

Abin da ya dame su shi ne saƙon damfara ta imel. Ɗan damfara zai rubuto saƙo mai kama da na gaske, ya ce daga sashen kwamfuta na kamfani yake, ko daga masu kawo kaya, ko daga wani shugaba. A ciki akwai linki da zai kai mutum wani shafi mai kama da na ofis, inda za a nemi ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Wani lokacin fayil ake maƙalawa, na Word ko Excel, a ce rubutun ba zai fito ba sai an amince wa wasu ƙananan umarni da ke cikinsa, waɗanda ake kira makro. Da an amince, muguwar manhaja ta samu ƙofa. Duk mai asusun banki a Najeriya ya san ƙanin wannan saƙo, wanda ke shigowa waya yana cewa an rufe asusu sai an turo lambar BVN. Bambancin dai shi ne a kamfani kalmar sirrin mutum ɗaya kan iya buɗe hanya zuwa bayanan dubban abokan ciniki.

Manyan kamfanoni suna da matatar saƙonni da ke tare mafi yawan irin wannan tun kafin ya iso. Amma 'yan damfara kan yi ta sauya lafazi da adireshi har sai wani ya zille. Saƙon da ya zille kuwa, babu abin da ya rage tsakaninsa da kamfani sai idon ma'aikacin da ya buɗe shi, wanda wataƙila wasu saƙonni da dama ke jiran amsarsa. Tambayar da ke gaban masu kula da tsaron kamfanin ita ce: me za a yi wa wannan mutum, ko me za a ba shi, don kada ya latsa?

## Maganin da aka saba ba da shi, 1999 zuwa 2014

Tambayar ba sabuwa ba ce a jami'o'i. A 1999 Anne Adams da Angela Sasse, masu bincike a Landan, suka wallafa nazari kan yadda ma'aikata ke fama da dokokin kalmar sirri. Sun nuna cewa wanda ke rubuta kalmarsa a takarda, ko yake zaɓar mai sauƙin tunawa, ba mugunta ce ke sa shi ba, dokokin ne aka tsara ba a dubi yanayin aikinsa ba. Aikin nasu yana cikin tubalan fannin binciken tsaro da sirri da ke farawa daga ɗan Adam maimakon daga na'ura. A 2009 Cormac Herley na sashen bincike na Microsoft ya ƙara da cewa shawarwarin tsaro suna cin lokacin mutum kowace rana, alhali cutarwar da suke karewa ba kullum take zuwa ba, don haka wanda ya yi watsi da su sau da yawa lissafi ya yi.

Game da damfarar imel kuwa, wata dabara ce ta samu karɓuwa. A jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, Ponnurangam Kumaraguru da Lorrie Cranor da abokan aikinsu suka ƙirƙiro tsarin da suka kira PhishGuru. Ma'aikata ce da kanta za ta aika wa mutanenta saƙon damfara na bogi. Wanda ya latsa, nan take shafi zai buɗe masa ya ce da na gaske ne da an cuce shi, sannan ya koya masa alamomin da zai riƙa dubawa. Hujjar ita ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: lokacin da mutum ya ga ya faɗa, lokacin ne kunnensa ke buɗe. A 2009 suka ba da rahoton gwajin da suka yi masa kan mutum 515 a jami'ar, inda suka ga waɗanda aka horar sun rage latsawa, kuma darasin na nan tare da su bayan kwana 28.

Ba kowane gwaji ne ya ba da wannan sakamako ba. A 2014 Deanna Caputo da abokan aikinta suka ba da rahoton wanda suka yi da ma'aikata 1,359 a wata ma'aikata da ke birnin Washinton, zagaye uku na saƙon bogi. Ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka nuna wa darasi da sauran ba, kuma da yawa sun rufe shafin ba su karanta ba. Duk da haka dabarar ta bazu. Kamfanonin tsaro suka mayar da ita haja, manyan ma'aikatu suka riƙa saye, masu binciken bin ƙa'ida suka riƙa tambayar ko ana yi. Zuwa 2019 ta zama abin da ake ɗauka kowace ma'aikata mai hankali tana yi.

## Yuli 2019: yadda aka tsara gwajin

A watan Yulin 2019 kamfanin ya fara gwaji tare da masu bincike uku na jami'ar ETH Zurich da ke Suwizalan: Daniele Lain, Kari Kostiainen da Srdjan Čapkun. Aka ɗauki ma'aikata 14,733, aka raba su rukuni 12 ta hanyar ƙuri'a, kowane rukuni da mutum 1,200 da 'yan kai. Rabon ƙuri'a yana da amfani, domin idan aka ga bambanci tsakanin rukuni biyu ba za a ce ai wancan matasa ne ko wannan 'yan ofis ne ba.

Abubuwa uku aka bambanta. Na farko gargaɗi ne da ke fitowa a saman saƙo: wasu ba su da shi sam, wasu gajere suke gani mai cewa saƙon abin zargi ne, wasu kuma dogo mai lissafa dalilan zargin. Na biyu shi ne shafin horo: rabin mutanen idan sun faɗa tarko ana kai su shafin darasi, rabi ba a kai su. Karanta darasin ba dole ba ne, mutum na iya rufewa ya koma aikinsa, kamar yadda ake yi a yawancin ma'aikatu. Na uku ya shafi wani sabon maɓalli da aka saka wa kowa a manhajar imel ta kamfanin, wanda mutum zai latsa ya kai rahoton saƙon da bai yarda da shi ba. Wasu ana sanar da su sakamakon rahotonsu kowane lokaci, wasu kuma ba kowane lokaci ba.

Kowane ma'aikaci ya samu saƙon bogi takwas a tsawon wata 15, zuwa Oktoban 2020, jimilla 117,864. Saƙonnin sun riƙa shigowa cikin sauran imel na aiki, babu wanda ya san ranar da nasa zai zo. Abin da aka ƙirga uku ne: latsa linki, aikata abu mai haɗari (wato rubuta kalmar sirri ko amince wa makro), da kai rahoto.

Irin wannan gwaji shi kansa yana taɓa sirrin ma'aikaci, tunda dole a san wanda ya latsa da wanda bai latsa ba. Bayanan da aka miƙa wa masu binciken an cire musu sunaye, sai abubuwa kamar zangon shekaru, jinsi da irin amfanin da mutum ke yi da kwamfuta a aikinsa.

## Yuli 2019 zuwa Oktoba 2020: wa ya latsa

Cikin saƙonni 117,864 an latsa linki sau 6,680, wato kashi 5.67 cikin 100. An aikata abu mai haɗari sau 4,885, kashi 4.14 cikin 100.

Idan aka ƙirga da mutane maimakon saƙonni, adadin ya fi haka nauyi. Ma'aikata 4,729, kashi 32.1 cikin 100, sun latsa aƙalla sau ɗaya kafin gwajin ya ƙare. Ma'aikata 3,747, kashi 25.4 cikin 100, sun kai ga ba da kalmar sirri ko amince wa makro aƙalla sau ɗaya. Cikin masu latsawar, 1,448 ne suka maimaita sau biyu ko fiye, sauran 3,281 sau ɗaya tak suka yi. Cikin masu aikata abu mai haɗari, 896 ne suka maimaita.

'Yan shekara 18 zuwa 19 sun fi kowa faɗawa. Ba a ga bambanci tsakanin maza da mata ba da aka yi la'akari da irin aikin da kowa ke yi, duk da cewa wasu nazarce-nazarce na baya sun ce mata sun fi latsawa. Masu aiki da manhaja ɗaya suna maimaita abu iri ɗaya sun fi faɗawa a kan waɗanda ba su cika taɓa kwamfuta a aikinsu ba. Yawan zama gaban na'ura kaɗai bai kare kowa ba.

## Shafin horo

Rukunan da ba a nuna wa darasi ba sun latsa sau 3,087, suka aikata abu mai haɗari sau 2,155. Rukunan da ake kai wa shafin darasi sun latsa sau 3,593, suka aikata abu mai haɗari sau 2,730. Yawan mutanen ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, saƙonnin da suka samu ma iri ɗaya.

Wato ɓangaren da aka horar ya fi latsawa da sau 506, ya kuma fi ba da kalmar sirri ko amince wa makro da sau 575, ƙarin da ya kai kusan kashi 27 cikin 100. Masu binciken sun auna da ma'aunin ƙididdiga, suka ga ratar ta fi ƙarfin a ce dace ne. Horon dai ya ba da akasin abin da aka nema.

## Gargaɗin saman saƙo

Mutanen da ba su da gargaɗi sun latsa kusan sau 4,000. Masu gajeren gargaɗi sun latsa kimanin sau 1,400, masu dogo kimanin sau 1,300. Wajen aikata abu mai haɗari, marasa gargaɗi sun yi kusan sau 3,000, masu gajere kusan 1,000, masu dogo kusan 900. Layi ɗaya a saman saƙo ya rage ɓarnar da kusan kashi biyu cikin uku. Tazarar da ke tsakanin gajere da dogo kuwa ba ta kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba, ƙarin bayanin bai ƙara wani abin kirki ba.

## Maɓallin rahoto

Kafin wannan gwaji mutane da yawa a fannin suna shakkar dogaro da rahoton ma'aikata, kuma shakkar tana da dalilai. Ana ganin za su cika sashen kwamfuta da tarkacen talla da saƙonnin da ba su da laifi. Ana ganin za su yi ɗokin abin na 'yan makonni sannan su gaji. Ana kuma ganin ko sun kawo rahoton, zai zo bayan aikin gama ya gama.

A wata 15 ɗin ma'aikata 4,260 sun yi amfani da maɓallin aƙalla sau ɗaya, aka samu rahoto 14,401. Cikinsu 11,035 saƙonnin bogin gwajin ne, sauran kuma saƙonni ne da ba na gwajin ba. Mafi yawan rahotannin sun dace. Waɗanda suka fi yawan kai rahoto sun fi sauran dacewa, sun haura kashi 80. Kashi 90 cikin 100 na masu kai rahoton shida ko ƙasa da haka suka kai, 'yan kaɗan ne suka mayar da abin al'ada. Yawan rahoton bai ragu ba har ƙarshen gwajin.

Batun lokaci ya fi jan hankali. Kimanin kashi 10 cikin 100 na rahotannin sun iso cikin minti 5 da aika saƙo, kusan kashi 20 cikin minti 15, kashi 30 zuwa 40 cikin rabin sa'a. Masu binciken sun misalta haka da kamfani mai mutum 1,000 wanda aka kai wa 100 daga cikinsu hari: za a samu rahoto tsakanin 8 zuwa 25, da kyakkyawan zaton ɗaya zai iso cikin minti 5, wasu da dama kuma cikin rabin sa'a.

Amfanin wannan sauri yana cikin yadda harin ke zuwa. Ɗan damfara ba kasafai yake rubuta wa mutum ɗaya ba, saƙo ɗaya yake watsa wa ɗaruruwa. Ba duka ne ke gaban kwamfuta a lokacin ba: wani yana taro, wani yana hanya, wani sai gobe zai buɗe. Idan mutum ɗaya ya kai rahoto da wuri aka tabbatar, sashen kwamfuta na iya laluben irin saƙon a dukkan akwatuna ya kwashe shi, ya toshe adireshin shafin, tun mafi yawa ba su gan shi ba. Ba a bukatar kowa ya gane tarkon, mutum ɗaya mai saurin ido ya wadatar wa sauran.

Nauyin aikin ma bai kai yadda aka ji tsoro ba. Rahoto ba ya zuwa teburin mutum kai tsaye. Yana fara bi ta wata na'urar bincike da ke da lokacin yin abin da matata ba ta iya yi wa kowane saƙo, kamar buɗe fayil a keɓaɓɓen wuri don ganin abin da zai aikata. Abin da ya gagari na'urar ne kawai ke isa wurin ma'aikacin tsaro, kuma a matsakaici bai wuce saƙo ɗaya da rabi a rana ba.

## Bayan Oktoba 2020: abin da ma'aikatan suka ce

Da gwajin ya ƙare aka aika wa mutum 1,000 daga cikin mahalarta takardar tambayoyi, 151 suka cika ta. Cikin waɗanda suka tuna sun ga shafin horo, da yawa sun zaɓi amsar da ke cewa ganin shafin ya sa sun ji hankalinsu ya kwanta, ko kuma sun ji kamfani yana kare su daga miyagun saƙonni.

Daga nan masu binciken suka kawo bayanin da suke ganin zai iya zama dalili, ba su ce sun tabbatar da shi ba. Mai yiwuwa ma'aikacin da ya latsa, maimakon ya ga asara sai ya ga shafi mai ladabi daga kamfaninsa, ya ɗauki darasin da ba shi aka nufa ba: cewa latsawa ba ta da wani sakamako, akwai masu tsaro a baya da za su tare komai. Mutum 151 dai ba su da yawa, kuma wanda ya zauna ya cika takarda ba lallai ya wakilci wanda ya share ta ba.

A daidai wannan lokaci wasu abubuwa biyu sun faru a waje da suka shafi batun. A 2020 Benjamin Reinheimer da abokan aikinsa suka ba da rahoton bin diddigin ma'aikata 409 na wata hukumar gwamnati a Jamus bayan an yi musu bita: bayan wata huɗu suna nan da ƙwarewar gane saƙon damfara, bayan wata shida tasirin ya dushe. A Disambar shekarar kuma kamfanin GoDaddy na Amurka ya aika wa ma'aikatansa saƙon bogi mai alkawarin kyautar dala 650 ta ƙarshen shekara, ana tsakiyar annobar korona. Kimanin mutum 500 suka amsa, aka ce musu sun faɗi jarrabawa su sake bita. Surutun da ya biyo baya ya sa kamfanin ba da haƙuri.

## 2021 zuwa 2025: abin da ya biyo baya

Rahoton gwajin ya fito a Disambar 2021, aka gabatar da shi a babban taron ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE kan tsaro da sirri a watan Mayun 2022. Sashen da ya shafi horo ne ya fi yawo, tunda ya taɓa hajar da kamfanoni da dama ke sayarwa.

A watan Mayun 2024 Matt Linton na sashen tsaro na Google ya kafa hujja da binciken, ya ce a daina yi wa ma'aikata kwanton ɓauna, a koma irin atisayen gobara da ake sanarwa tun kafin a yi, inda abin da ake koyarwa shi ne ina ake kai rahoto kuma yaya.

A shekarar dai Lain da abokan aikinsa suka sake wani nazari da mutum 4,554 don gano abin da ke cikin horon. Sun ga ɗan amfanin da yake da shi daga tunatarwa yake zuwa, wato mutum ya tuna lokaci-lokaci cewa akwai 'yan damfara, ba daga abin da aka rubuta a shafin ba, domin kaɗan ne ke da lokacin karantawa. Jinkirta darasin zuwa lokacin da mutum ya samu sarari bai rage amfaninsa ba. Ba da lada ma bai gyara hali ba.

A 2025 Grant Ho da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin wata takwas kan ma'aikata sama da 19,500 na asibitocin jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, da saƙonnin bogi iri goma. Horon nan-take ya rage faɗawa da kashi 1.7 cikin 100 kacal. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu ganin darasin minti ɗaya ko ƙasa da haka suka yi a kansa, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma rufewa suka yi nan take. Ba a ga alaƙa tsakanin kammala bitar shekara-shekara da tsira daga tarko ba. Abin da ya fi tasiri shi ne irin ƙaryar da aka shirya: saƙon sabunta kalmar sirri ta manhajar imel ta Outlook ya kama ƙasa da kashi 2 cikin 100, na sauyin dokar hutu ya kama kusan 31. Zuwa wata na takwas fiye da rabin ma'aikatan sun latsa aƙalla sau ɗaya.

## Hukunci

Abubuwa uku aka gwada a kamfanin, kuma abin da ya raba su shi ne lokacin da kowanne ke zuwa da abin da yake nema daga ma'aikaci. Shafin horo yana zuwa bayan an riga an faɗa, yana neman mutum ya ajiye aikinsa ya karanta, ya riƙe, ya kuma tuna bayan makonni a ranar da kansa ya ɗauki zafi. Gargaɗi yana zuwa ne a daidai lokacin da hannu ke shirin latsawa, bai nemi komai ba sai ɗan dakatawa. Maɓalli kuwa bai damu da wanda ya faɗa ba, yana amfani da wanda ya gane. A ganina wannan ne ya sa na farko ya gaza, biyun suka yi aiki.

Alƙaluman sun kuma rushe tunanin cewa akwai wasu 'yan tsirarun masu sakaci da za a ware a gyara. Kusan bakwai cikin goma na masu latsawa sau ɗaya suka yi cikin takwas. Mutumin da ya tsallake bakwai ya faɗa a ɗaya ba rashin sani ke damunsa ba, ranar ce ta zo masa da gaggawa ko ƙaryar ta yi daidai da abin da yake jira. Ƙara masa darasi kan abin da ya riga ya sani ɓata lokacinsa ne. Hukunta shi ya fi muni, domin wanda ke tsoron a ce ya latsa ba zai yi saurin faɗa ba, alhali mintunan farko su ne kamfanin ya fi bukata.

Sai dai kada a ɗora wa gwajin abin da bai ɗauka ba. Kamfani ɗaya ne, horon kuma na ganin dama ne, shafi ɗaya da ake iya rufewa. Bai nuna cewa koyar da mutane ba shi da amfani ba, binciken Jamus ya nuna bita na aiki na wasu watanni. Cewa horon yana ƙara faɗawa ma a wannan kamfani aka gani, a San Diego ɗan ragi aka samu. Abin da gwaje-gwajen biyu suka haɗu a kai shi ne amfanin bai kai kuɗi da lokacin da ake zubawa ba.

Nasarar gargaɗin ita ma tana da sharaɗi. A gwaji an san saƙon da yake tarko, don haka gargaɗin bai yi ƙarya ba. A rayuwar yau da kullum na'ura ce za ta yanke wanda za a liƙa wa, kuma za ta yi kuskure. Ma'aikatar da ke liƙa jan layi a kan duk saƙon da ya zo daga waje, ba da daɗewa ba ido zai saba ya daina ganinsa. Ƙarfin gargaɗi yana cikin ƙarancinsa da gaskiyarsa.

Maɓallin rahoto shi ne abin da na fi ganin ya cancanci a kwaikwaya, amma da kayan aikinsa. Saƙo ɗaya da rabi a rana ya samu ne saboda akwai na'urar da ke tace rahotanni kafin su kai ga mutum, akwai kuma wanda zai iya kwashe saƙo daga dukkan akwatuna cikin mintuna. Idan babu waɗannan, rahoto zai taru babu mai dubawa, masu kawowa su daina. Yawan jama'a ma sharaɗi ne: lissafin rahoto 8 zuwa 25 na wurin da aka kai wa mutum 100 hari ne, ofis mai mutum 40 ba shi da wannan taron. Ƙananan wurare sai dai su haɗa idanunsu da na wasu. Birtaniya ta bi wannan hanya a watan Afrilun 2020, lokacin da cibiyarta ta tsaron intanet ta buɗe adireshi ɗaya da kowa a ƙasar zai tura saƙon da yake zargi, kuma cikin kusan wata biyu rahotanni suka kai miliyan ɗaya.